DANIYEL A MAKARANTAR BABILA: SHIRYA 'YA'YANMU DOMIN ZAMAN JAMI'A

Karatu: Daniyel 1:1-21 da 2:12-24, Ayyukan Manzanni 6:1-7, Luka 10:25-37.

Ayar haddacewa: Romawa 12:18.

Manufa: Domin iyaye da matasa su gane cewa zaman babbar makaranta zama ne da mutane iri-iri, su kuma koyi yadda mai bi zai riƙe bangaskiyarsa da ƙarfi yana kuma ba kowane mutum wurin zama kusa da shi.

GABATARWA

Kowace shekara, idan sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu suka fito, iyalai da yawa cikin ekklesiyoyinmu sukan fito gaban jama'a da baikon godiya. Wannan daidai ne, gama iyaye sun san abin da suka sha kafin a kai ga wannan rana. Wani ya sayar da cittarsa tun ba ta yi daraja ba, wata ta kora aladenta zuwa kasuwar Kafanchan, wani kuma ya ci bashin adashi. Ana haɗa wa yaro katifa da bokiti, da gari da man ja da ƙuli-ƙuli, a ɗora Littafi Mai Tsarki a kai, a yi addu'a, a raka shi tasha.

Amma akwai wani kaya da yaro yake tafiya da shi wanda ba a sa shi cikin akwati. Wannan kaya shi ne dukan abin da ya ji a gida, tun yana ƙarami, game da mutanen da ba ƙabilarsa ba, ba ɗarikarsa ba, ba kuma addininsa ba. Ranar da ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai ya tarar da wanda za su raba ɗaki, wannan kaya ne zai fara kwancewa. Darasinmu na wannan fitowa a kan wannan kaya yake.

1. BABBAR MAKARANTA ƘASA CE A TAƘAICE

Yaranmu ba sa bukatar yin nisa kafin su gamu da bambanci. A Kudancin Kaduna kaɗai akwai Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam da Nikyob da Asholio da Gwong da Adara da Ninzo da sauransu da dama, ga kuma Hausawa da Fulani. Garin Kafanchan kansa mahaɗar layin dogo ce ta raya shi tun shekarun 1920, jirgin ƙasa ya kawo Ibo da Yarabawa da mutanen wurare masu nisa, suka zauna suka hayayyafa.

Yanzu kuma manyan makarantu suna ƙofar gidanmu. Akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Akwai Kwalejin Koyon Jinya da Unguwarzoma a Kafanchan. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da reshe a Kafanchan. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'ar kimiyya a Kachia. Ban da waɗannan, yaranmu suna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suna Jos da Kano da Abuja da Keffi.

Haɗuwar mutane iri-iri a waɗannan wurare ba haɗari ba ne, da gangan aka shirya ta. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta ware kashi 45 cikin ɗari domin waɗanda suka fi cin jarrabawa daga ko'ina cikin ƙasa, kashi 35 domin yankin da jami'ar take, kashi 20 kuma domin jihohin da aka bari a baya wajen ilimi. Haka nan a 1973, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa domin a tura matashi ya yi shekara guda cikin mutanen da bai saba da su ba. Amma doka iyakarta ta tara mutane wuri ɗaya. Ba ta da ikon sa su ƙaunaci juna. Wannan aikin gida ne da na ekklesiya.

2. ABIN DA MARIS 1987 YA KOYA MANA

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin abin da zai iya fitowa daga harabar makaranta. Ranar Jumma'a 6 ga Maris 1987, Zumuntar Ɗalibai Kirista, wato FCS, tana taron bishara a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Tun kafin ranar an riga an yi ja-in-ja a kan wani ƙyalle da aka rataya, mai kiran harabar makarantar ta Yesu. Mai wa'azi a taron shi ne Rabaran Abubakar Bako, wanda dā Musulmi ne. Ɗalibai Musulmi suka ce ya taɓa addininsu cikin wa'azinsa, gardama ta tashi, ta zama faɗa. Har wa yau kowane ɓangare yana da nasa bayani a kan wanda ya fara.

Abin da babu gardama a kai shi ne abin da ya biyo baya. Faɗan ya fita daga makaranta ya shiga gari, aka rasa rayuka, aka ƙone masallatai a Kafanchan. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, inda aka ƙone majami'u fiye da ɗari. Mutanen da ba su taɓa taka Kafanchan ba, ba su kuma ji wa'azin ba, su ne suka rasa wuraren sujada da dukiya. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kotu ta musamman, amma amincin da ya fashe bai koma yadda yake ba. Bayan wannan muka ga Zangon Kataf a 1992, da rikicin Kaduna a 2000, da na bayan zaɓe a 2011. A ƙarshen 2016 kuma, saboda rashin tsaro, aka rufe manyan makarantun jiha da suke wannan yanki, ɗalibai suka yi watanni suna zaune a gida.

Ba mu tuna da waɗannan domin mu fama tsohon miki ba. Muna tunawa ne domin yawancin ɗaliban yau ba a haife su ba a 1987, amma sun gāji labarin, kuma sau da dama rabinsa kawai aka ba su. Yaron Kirista ya san yawan majami'un da aka ƙone. Yaron Musulmi ya san masallatan da aka ƙone da mutanensu da aka kashe. Ga su nan an ba su ɗaki ɗaya, kowa yana ɗauke da rabin labari.

3. DANIYEL, ƊALIBI A BAƘUWAR ƘASA

Littafin Daniyel ya fara da labarin ɗalibai. Sarki Nebukadnezzar ya sa aka zaɓi samari daga cikin kamammun Yahuza, a koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa har shekara uku. Malamansu masu bautar gumaka ne. Ƙasar da take koyar da su ita ce ta ci ƙasarsu da yaƙi. Idan akwai ɗalibin da yake da dalilin ƙin kowa, to, Daniyel ne. Bari mu lura da abu huɗu game da shi.

Na fari, ya san abin da ba zai bari ba. Ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba (1:8). Wannan ƙuduri daga gida ya zo da shi. Yaron da bai san dalilin bangaskiyarsa ba, ɗaya cikin biyu yakan same shi: ko iska ta kwashe shi, ko kuwa ya zama mai zafin kai, gama wanda ba shi da amsa shi ne yakan fara ɗaga murya.

Na biyu, ya san abin da bai kai a yi faɗa a kansa ba. An sāke masa suna zuwa Belteshazzar, an sa shi koyon harshen waɗanda suka kama shi, bai tā da rigima ba. Ya yi karatun, har shi da abokansa uku suka fi kowa a gaban sarki (1:20). Ba kowane bambanci ne yaƙin bangaskiya ba.

Na uku, ya yi magana da ladabi. Bai kifar da akushin sarki ba. Ya roƙi izini, ya kuma kula da tsoron da shugaban fādawa yake ji domin ransa, sai ya kawo shawara a gwada su da ganyaye da ruwa har kwana goma. Ya nemi hanyar da zai tsare lamirinsa ba tare da ya jefa wani cikin hatsari ba.

Na huɗu, wanda muka fi mantawa da shi, yana cikin sura ta biyu. Sa'ad da sarki ya ba da umarni a hallaka dukan masu hikima na Babila, Allah ya bayyana wa Daniyel mafarkin. Da ya je wurin Ariyok, abin da ya fara roƙo shi ne kada a kashe masu hikimar nan (2:24). Su waye su? Masu sihiri ne da bokaye, waɗanda ba su san Allahn Isra'ila ba. Addu'ar ɗalibai huɗu masu bi ta ceci ran mutanen wani addini. Wannan ya yi daidai da saƙon da annabi Irmiya ya aika wa kamammu, cewa su nemi lafiyar birnin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a (Irmiya 29:7).

4. MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO

Kafin mu yi maganar zama da waɗanda suke waje, sai mu dubi cikin gida. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni na fari cikin ekklesiya ya tashi ne a kan harshe da rabon abinci. Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana ƙyale gwaurayensu mata wajen rabo na kowace rana. Manzanni ba su ce musu su yi shiru domin kada a ɓata sunan ekklesiya ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai. Idan muka duba sunayensu, daga Istifanas har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, za mu ga duka sunayen Helenanci ne. Wato an danƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Sakamakon kuwa, Maganar Allah ta yi ta haɓaka (6:7).

Su waye gwaurayen da ake mantawa da su cikin zumuntar ɗalibanmu a yau?

Akwai ɗan ƙaramar ƙabila. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙabila da na gari suna da amfani, suna taimakon sabon ɗalibi ya sami masauki, suna raya harshe. Amma idan lokacin zaɓen shugabannin zumunta ya zo aka koma ƙidayar ƙabila, ko aka juya harshe da zarar baƙo ya zauna, to, mun sāke gina katangar da Kristi ya rushe (Afisawa 2:14).

Akwai Bahaushe ko Bafulatani mai bi. Sau da yawa yana tsaka mai wuya: danginsa suna ganin ya bar su, mu kuma muna dubansa da shakka saboda sunansa da shigarsa. Mu tuna cewa ɗan Nijeriya na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, shi ne Farfesa Ishaya Audu, Bahaushe Kirista wanda ya tashi a Wusasa.

Akwai ɗan wata ɗarika. FCS, wadda ta fara a Gindiri a 1957, an kafa ta ne domin ɗalibai masu bi su taru ba tare da tambayar ɗarika ba. Abin kunya ne idan jikokin waɗanda suka kafa ta suka koma raina juna a kan yadda ake baftisma ko yadda ake tafa hannu.

Akwai matalauci, wanda yake kwana da yunwa a makon jarrabawa, yana kuma ƙin zuwa sujada domin rigarsa ɗaya ce. Yakubu sura 2 ta yi mana kashedi a fili a kan ba mai kyakkyawar tufa wurin zama mai kyau. Irin wannan ɗalibi ne ƙungiyoyin asiri da masu lalata 'yan mata suke farauta, gama suna ba shi abin da mu muka hana shi, wato wurin da za a san da shi.

Akwai kuma makaho da kurma da gurgu. Mishan ce ta buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953. A Janairu 2019 aka sa hannu a kan dokar ƙasa da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Duk da haka ɗalibi mai keken guragu yakan tarar da matakala a ƙofar aji, wani lokaci har a ƙofar majami'a. Sarki Dawuda bai aika wa Mefiboshet abinci can inda yake ba, ya kawo shi ya zauna a teburinsa (2 Sama'ila 9). Ɗalibi mai bi zai iya karanta wa makaho takardun darasi, ya tura keken ɗan ajinsu, ya kuma sa baki a zaɓe su cikin shugabanni.

5. WANE NE MAƘWABCINA A MAKARANTA?

Da aka tambayi Ubangiji Yesu wane ne maƙwabci, sai ya ba da labarin da jarumin cikinsa Basamariye ne, mutumin da masu sauraro suke ƙyamar ƙabilarsa da addininsa. Irin wannan labari bai ƙare a zamanin dā ba. A watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi ta Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da ɗari biyu, yawancinsu Kirista, cikin masallaci da gidansa, ya hana maharan shiga. A Kaduna, Fasto James Wuye wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikici, sun haɗu sun kafa cibiyar sulhu a 1995. A nan Kafanchan kuma, ranar 23 ga Maris 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya. Ya kamata yaranmu su ji waɗannan labarai daga bakinmu kamar yadda suke jin na ƙone-ƙone.

Wannan ba ya nufin babu hatsari. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan an zarge ta da saɓo saboda saƙon murya a zauren WhatsApp na ajinsu. Kisan gilla ne, babu wani dalili da zai wanke shi, kuma wajibi ne ekklesiya ta ci gaba da neman adalci da 'yancin sujada domin ɗalibanta a kowace makaranta. Ubangijinmu da kansa ya ce mu haɗa wayon maciji da halin kurciya (Matiyu 10:16). A 1987 labari ya ɗauki kwanaki kafin ya kai Katsina. Yau kafin a rufe baki ya zaga ƙasa. Magana zarar bunu ce.

Saboda haka bari ɗalibi mai bi ya riƙe waɗannan. Ya yi shelar Kristi ba tare da kunya ba, amma ya yi maganar Mai Cetonsa, ya bar zagin abin da wani yake girmamawa. Manzo Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da bangirma (1 Bitrus 3:15). Kada ya tura saƙon da bai tabbatar da shi ba. Ya tuna cewa aji da ɗakin kwana da rijiyar makaranta na kowa ne. Idan abokin ɗakinsa yana salla, ya rage muryar waƙarsa, ya kuma roƙi a yi masa haka idan yana addu'a. Idan ana azumi, ya yi masa sannu. Idan an yi masa rasuwa, ya je gaisuwa. Idan an tauye masa hakki, ya bi ta hannun shugabannin zumunta da limamin majami'ar makaranta da ofishin kula da ɗalibai. Ba wanda ya taɓa karɓar bishara daga bakin wanda ya raina shi.

6. AIKIN IYAYE

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga abin da kowane gida zai iya yi.

(a) Mu tsare bakinmu a gaban yara. Sunayen reni da muke kiran wasu ƙabilu da su, da kalmar nan "ai duk halinsu ɗaya", yara suna haddace su fiye da ayar Makarantar Lahadi.

(b) Mu ba su labari cikakke. Mu faɗi abin da aka yi mana, mu faɗi abin da namu suka yi, mu kuma faɗi sunan maƙwabcin da ya ɓoye mu ko ya tsare mana gida.

(c) Mu kafa su cikin Maganar Allah tun kafin su tafi. Sujadar iyali ta zama wurin da yaro zai yi tambaya mai wuya a amsa masa, domin kada ya fara jin tambayar a bakin wanda yake so ya kā da shi.

(d) Idan sun zo hutu, kada tambayarmu ta tsaya a kan sakamakon jarrabawa. Mu tambaye su su waye abokansu, wa suke cin abinci tare, wa kuma suka lura ba shi da kowa.

(e) Mu buɗe ƙofa. Ɗalibin da garinsu yake da nisa ya zo ya yi Kirsimati a gidanmu. Ekklesiyoyin da suke kusa da Gidan Waya da Kafanchan da Kachia su sani cewa 'ya'yan wasu amana ne a hannunsu, kamar yadda namu suke amana a hannun wasu a Kano da Sakkwato.

KAMMALAWA

Tsoro yakan sa mu ce wa yaro, "Ka tsaya cikin naka, kada ka kula kowa." Muna zaton kāriya ce. Amma yaron da bai san kowa ba sai nasa, shi ne jita-jita take saurin kamawa, ba shi kuma da wanda zai buga masa waya daga ɗaya ɓangaren ya ce, "Kada ka bi ta hanyar nan yau." Ɗaliban da suke raba ɗaki yanzu, su ne gobe za su zama hakimai da alƙalai da likitoci da fastoci da limamai na wannan jiha. Abin da suka koya game da juna a makaranta, da shi za su yi mulkinmu. Wahayin Yahaya 7:9 ya nuna mana taron da ba ya ƙidayuwa daga kowace al'umma da kabila da harshe a gaban kursiyin Allah. Wanda yake sa zuciya ga wannan taro, ya kamata ya fara koyon zama da mutane tun daga nan.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa ne Daniyel ya ƙi, waɗanne kuma ya karɓa? Yaya ɗalibi zai bambanta su a yau?

2. Me ya sa Daniyel ya roƙa wa masu hikimar Babila rai?

3. Su waye ake mantawa da su wajen rabo cikin ekklesiyarku ko zumuntarku?

4. Wace magana ce ake yi a gidanku game da wasu mutane, wadda ba za ku so ɗanku ya maimaita a makaranta ba?

5. Wane ɗalibi ne iyalinku za su gayyata a hutu mai zuwa?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai da ka halicci dukan al'ummai daga mutum ɗaya, muna danƙa 'ya'yanmu da suke manyan makarantu a hannunka. Ka ba su zuciya irin ta Daniyel, su tsaya da aminci a gabanka, su zama albarka ga waɗanda suke zaune tare da su. Ka tsare bakinsu, ka tsare ransu. Ka warkar da ƙasarmu, ka koya mana mu iyaye mu shuka salama cikin gidajenmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.